Kafin a ce "a yi mata format": yadda ake gyara manhajar da ta lalace a kwamfutar ofis

A garuruwa irin Hamdara, cikin gundumar Mirriya ta jihar Damagaram, kwamfutar tebur ba kayan ƙawa ba ce. Sau da yawa ita kaɗai ce a ma'aikata, ko a makaranta, ko a shagon mai buga takardu, kuma a cikinta ake ajiye jerin sunayen ɗalibai, makin jarrabawa, lissafin ƙungiyar manoma, da wasiƙun da za a tura Mirriya ko Yamai. Ranar da Word ya ƙi buɗewa, ko Excel ya riƙa rufe kansa da zarar an taɓa shi, aikin mutane da dama ne ke tsayawa. Abin da aka saba shi ne a ɗora akwatin kwamfutar a mota ko a bayan kabu-kabu, a nufi birnin Damagaram wajen mai gyara, inda galibi amsar ba ta wuce guda ba: sai an yi mata format.

Format yana nufin share duk abin da ke kan faifan ajiya, a zuba Windows sabo. Yana magance matsalar a mafi yawan lokuta, kamar yadda rushe ɗaki ke magance yoyon rufi. Amma yana tafiya da takardun shekaru idan ba a kwashe su ba tun farko, kuma idan ba a gano abin da ya lalata manhajar ba, bayan ƴan makonni cutar ta dawo. Mafi yawan manhajojin da ake cewa sun mutu ana iya tada su a inda kwamfutar take, ba tare da an biya ko dala ba, muddin an bi matakai daga ƙarami zuwa babba.

Me ake nufi da manhaja ta lalace?

Manhaja kamar Word ba abu ɗaya ba ce dunƙule. Tarin fayiloli ne masu yawan gaske, wasu nata ne, wasu kuma tana aro daga Windows, sai wasu ƙanana da ke riƙe da saitin mai amfani da ita. Idan ɗaya ya ɓace, ko aka rubuta shi rabi aka bari, manhajar ta rikice. Babban abin da ke jawo haka a yankin Damagaram sananne ne: ɗaukewar wuta. Kwamfutar hannu tana da batir da ke riƙe ta, amma ta tebur tana mutuwa a daƙiƙar da wuta ta tafi, ko da tana tsakiyar rubuta wani abu a faifai. Idan abin ya faɗo daidai lokacin da Windows ke sabunta kansa, lokacin da allo ke gargaɗin kada a kashe na'urar, ɓarnar ta fi muni.

Wutar da NIGELEC ke rabawa a jihohin Damagaram da Maraɗi, wani kaso mai yawa nata daga Najeriya yake shigowa ta layin Katsina. Jama'a ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka shafe watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa har aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024. Inda ake dogaro da injin wuta ko sola ma ba a tsira ba, don mai yana ƙarewa, batir yana saukewa, kuma babu wanda ke yi wa kwamfuta sallama kafin hakan ta faru.

Bayan wuta sai zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fankar da ke sanyaya cikin akwatin. Kwamfutar da ta yi zafi fiye da kima takan daskare ko ta kashe kanta, sai a ɗora wa manhaja laifin da ba nata ba. Sai kuma kile USB da ke yawo daga shagon buga takardu zuwa makaranta zuwa ma'aikata yana kwasar ƙwayoyin cutar kwamfuta, da manhajojin sata waɗanda za a yi bayaninsu a gaba.

A fara da kwashe takardu

Kafin a taɓa komai, a kwafe takardu masu muhimmanci zuwa kile mai tsabta ko faifan waje. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne wanda ba ya da gyara idan an makara. A duba dosiyen Documents, da Bureau, da Téléchargements, don mutane da yawa a can suke barin aikinsu ba su sani ba.

Daga nan a tantance ko manhajar ce ta lalace ko takarda ɗaya ce. Gwajin mai sauƙi ne: a buɗe Word shi kaɗai, a rubuta layi biyu a sabon shafi, a adana. Idan ya yi lafiya, to Word lafiyarsa lau, takardar da ake nema ce ta samu rauni. A nan akwai dabarar da ke ɓoye a gaban idon kowa. A shiga Fichier, sannan Ouvrir, a zaɓi takardar da dannawa ɗaya kawai, a danna ƙaramar kibiyar da ke jikin maɓallin Ouvrir, a zaɓi "Ouvrir et réparer". Excel ma yana da irinta, har yana ba da zaɓin ciro alƙaluma kawai idan gyaran ya faskara. Idan kuma wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, Word yana ajiye kwafin ceto duk bayan minti 10 idan ba a canja saitinsa ba, kuma yakan nuna shi a gefen hagu da zarar an sake buɗe shi. Mai gaggawa yakan rufe wannan gefen ba tare da ya karanta ba, ya yi asarar aikin awa guda da hannunsa.

Idan manhajar ce ta daskare, babu dalilin zare waya daga bango. A danna Ctrl da Maj da Échap tare, Gestionnaire des tâches zai fito, a zaɓi manhajar, a danna "Fin de tâche". Sannan a sake tada kwamfutar ta hanyar Redémarrer. Akwai bambanci tsakaninsa da Arrêter wanda ko wasu masu gyara ba su lura da shi ba: tun daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, Arrêter ba ya kashe komai gaba ɗaya, yana adana wani sashe na tsarin don a tashi da sauri gobe. Ke nan matsalar jiya tana iya kwana ta tashi tare da kwamfutar. Redémarrer ne ke wanke komai ya fara daga tushe.

Gyaran da Windows ke yi da kansa

Idan Word ya ci gaba da rufe kansa, a riƙe maɓallin Ctrl yayin da ake danna alamarsa, zai tambaya ko a buɗe shi a "mode sans échec", wato ba tare da ƙare-ƙaren da aka liƙa masa ba. Idan ya buɗe lafiya a haka, laifin na wani ƙari ne da wata manhaja ta cusa masa, ko na wani ƙaramin fayil mai suna Normal.dotm wanda ke riƙe da tsarin shafin da Word ke farawa da shi. Ana kashe ƙarin daga Options, a sashen Compléments. Shi kuwa Normal.dotm, idan aka rufe Word aka canja masa suna, Word zai ƙirƙiri sabo da kansa.

Mataki na gaba shi ne gyaran manhajar baki ɗaya. A Panneau de configuration akwai "Programmes et fonctionnalités", inda aka jera duk abin da ke kan kwamfutar. A zaɓi Microsoft Office, a danna Modifier. Tsofaffin Office irin na 2007 da 2010 suna ba da zaɓin Réparer. Sababbi suna ba da biyu: "Réparation rapide", wanda ba ya bukatar intanet kuma yana ƙarewa cikin ƴan mintoci, da "Réparation en ligne", wanda ke sake sauko da manhajar kusan gaba ɗaya. Wanda ke jona kwamfuta da intanet ɗin wayar salula ya fara da na farko, don na biyun yana iya cinye kuɗin intanet na mako kafin ya kai rabi, kuma idan layi ya yanke a tsakiya an koma baya. Wannan gyaran ba ya taɓa takardun mutum.

A Windows 10 da 11 akwai wata ƙofar: Paramètres, sannan Applications, a zaɓi manhajar, a shiga "Options avancées" idan tana da shi. Maɓallai biyu ne a can, kuma ba ɗaya suke ba. Réparer yana gyara ya bar bayanan manhajar. Réinitialiser yana mayar da ita kamar ranar da aka saka ta, ya share saiti da kalmomin sirrin da ta adana. A gwada na farko tukuna.

Wani lokacin saƙo ne ke fitowa cewa wani fayil mai ƙarewa da .dll ya ɓace, misali MSVCP140.dll ko VCRUNTIME140.dll. Nan ne mutane ke faɗawa tarko, don da an rubuta sunan a Google shafuka da dama za su fito suna tayin fayil ɗin kyauta, wasu da cuta a ciki. Waɗannan fayilolin biyu sashe ne na wani kunshi na Microsoft mai suna Visual C++ Redistributable, kuma ana samunsa kyauta a shafin kamfanin. Shi ake saukowa da shi a saka, ba fayil ɗaya tsiraru daga hannun wanda ba a sani ba.

Idan manhajoji da yawa ne ke rikicewa lokaci guda, ciwon ya kai jikin Windows. A rubuta cmd a wurin bincike, a danna da hannun dama na linzami, a zaɓi "Exécuter en tant qu'administrateur". A baƙin allon da ya fito a rubuta sfc /scannow, a danna Entrée, a jira. Wannan umarnin yana bin fayilolin Windows ɗaya bayan ɗaya, yana maye waɗanda suka lalace da kwafi mai kyau. Idan ya ce ya ga ɓarna amma ya kasa gyarawa, daga Windows 8 zuwa sama akwai umarni na biyu, DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ke gyara rumbun da sfc ke ɗebo kwafin daga ciki, amma yawanci yana bukatar intanet. Bayansa sai a maimaita sfc. Kada a fara ko ɗaya daga cikinsu a lokacin da aka san wuta na gab da tafiya.

Akwai kuma "Restauration du système", mai mayar da tsarin kwamfuta yadda yake a wata rana da ta wuce ba tare da ya share takardu ba. Yana da amfani sosai idan matsalar ta fara ne bayan an saka wata sabuwar manhaja. Sharaɗinsa shi ne a ce an kunna shi tun kafin matsalar, abin da ba kasafai ake tararwa ba a kwamfutocin da aka sayo na hannu.

Abubuwan da ke kama da lalacewa

Kaso mai yawa na kwamfutocin da ake kai wa masu gyara babu abin da ya lalace a manhajarsu. Misali mafi yawa shi ne na kile. Mutum ya soka kile, ya tarar duk dosiyensa sun koma alamomi masu ƙaramar kibiya, abin da masu gyara ke kira "virus raccourci". Hankalinsa ya tashi, yana zaton an share komai. Takardun suna nan, cutar ɓoye su ta yi, ta ajiye alamun ƙarya a madadinsu, kuma duk wanda ya danna alamar ya ƙara yaɗa ta. Bayan an wanke kilen da riga-kafin kwamfuta, a buɗe baƙin allon nan, a rubuta harafin kilen da ɗigo biyu, misali E:, a danna Entrée, sannan a rubuta attrib -h -r -s /s /d, takardun za su bayyana. Idan ba a wanke kwamfutar da ta haifar da cutar ba, duk kilen da ya shige ta zai sake kamuwa.

Misali na biyu shi ne agogo. Cikin kowace kwamfutar tebur akwai ƙaramin batir mai faɗi kamar kwabo, lambarsa CR2032, wanda ke riƙe kwanan wata idan an kashe wuta. Idan ya mutu, kwamfutar ta tashi tana zaton shekarun baya ake ciki, sai Chrome ko Firefox su ƙi buɗe shafuka suna cewa haɗin ba shi da tsaro. An sha yi wa kwamfuta format a kan batirin da masu gyaran agogo ke sayarwa a kasuwa. Duba kwanan wata a kusurwar allo ba ya ɗaukar daƙiƙa biyar.

Na uku ya shafi masu rubutu da Hausa, waɗanda za su ƙaru tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan aka buɗe takarda aka ga ƙananan akwatuna a gurbin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ba Word ne ya lalace ba, salon harafin da aka zaɓa ne bai ƙunshi haruffa masu lanƙwasa ba. Canja shi zuwa wanda ya ƙunshe su, kamar Arial ko Times New Roman na Windows na zamani, yana mayar da rubutun daidai.

Manhajar sata da tsohon Windows

A nan ne maganar ke da ɗaci, don ta taɓa aljihu. Da wuya a samu kwamfutar da aka yi wa format a kasuwa aka zuba mata Office mai lasisi. Ana amfani da wasu ƙananan manhajojin fasa kulle, kuma don su yi aiki sai an kashe riga-kafin kwamfutar, wani lokaci a bar shi a kashe har abada. Ƙofar da aka buɗe wa ɓarawo ɗaya ba ta rufuwa ga na biyu. Ƙari a kan haka, irin wannan kunnawar takan ƙare bayan kwana 180 idan ba ta sabunta kanta ba, sai Word ya fito da jan layi mai cewa "Produit sans licence", daga baya ya hana rubutu. Babu umarnin gyara da zai warkar da wannan, don ba lalacewa ba ce.

Ga wanda ba ya da kuɗin lasisi akwai LibreOffice, manhaja ta kyauta bisa halal wadda ta fara fitowa a 2011, tana da Faransanci, tana buɗe takardun Word da Excel, tana kuma adanawa a tsarinsu. Gaskiya ne wani lokaci tana ɗan gurɓata jerin tebur ko tsarin shafi mai sarƙaƙiya, kuma wanda ya saba da Word zai yi kwana biyu yana laluben maɓallai. Amma ga wasiƙa da jerin sunaye da lissafin wata ta wadatar, kuma sau da yawa tana buɗe takardar da Word ya ce ta lalace, abin da ya sa ya dace a ajiye ta ko da a matsayin ta ko-ta-kwana.

Tsufan Windows ma yana da nasa rabon. Microsoft ya daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga waɗanda suka shiga tsarin ƙarin wa'adi. Kwamfutar ba ta daina aiki a ranar, amma sababbin manhajoji suna juya mata baya sannu a hankali. Chrome ya tsaya a lamba 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023, shi ya sa wasu shafuka ke fitowa a karkace ko su ƙi buɗewa sam. Hatsarin ba na ƙananan ofisoshi kaɗai ba ne: a watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, ta hanyar wata kafa da Microsoft ya riga ya toshe wata biyu kafin nan ga waɗanda suka sabunta. Kwamfutar da dole ta zauna a kan tsohon Windows, gara a raba ta da intanet, a kuma taƙaita kilen da ke shigarta.

Lokacin da tafiya birni ta zama dole

Idan an gyara manhaja yau ta sake lalacewa jibi, ko kwamfutar na ɗaukar minti goma kafin ta tashi, ko ana jin ƙara kamar ƙwanƙwasa daga cikin akwatin, a zargi faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira disque dur. Tsohon samfurinsa faranti ne ke juyawa a ciki sau 5400 ko 7200 a minti, da allura mai shawagi a kansa, kuma zafi da girgiza da yankewar wuta duk suna cin rayuwarsa. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, tana karanta rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa da kansa, ta nuna shuɗi idan lafiya, rawaya idan ya fara gazawa, ja idan ya kusa tafiya. Da an ga rawaya, a kwashe takardu a ranar. Umarnin chkdsk yana gyara rikicewar tsarin faifai bayan ɗaukewar wuta, amma a kan faifan da ke mutuwa yana iya ƙarasa shi, don haka kwafi ke zuwa kafin shi. Yi wa irin wannan faifan format asarar kuɗi ce, canja shi ake yi, kuma idan hali ya yi a sa samfurin SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, ya fi jure hanya, ya kuma fi sauri nesa ba kusa ba.

Wanda zai kai kwamfuta wajen mai gyara ya tafi da hoton saƙon kuskuren da ya ɗauka da wayarsa, don "ta ƙi yi" ba bayani ba ne. Ya tambaya ko an gwada gyara kafin a kai ga format. Idan format ɗin ya zama dole, ya tsaya a kwashe takardunsa a gabansa, ya buɗe biyu ko uku ya tabbatar suna aiki, ya kuma san irin Windows da Office da za a zuba masa da inda aka samo su. Kwamfutar ma'aikata ko ta makaranta tana ɗauke da sunaye da ranakun haihuwa da lambobin mutanen da ba su san an kai su kasuwa ba, saboda haka bai dace a bar ta ta kwana a shago ba tare da an san wanda zai taɓa ta ba. A nemi mai gyaran ya buɗe akwatin ya hure ƙurar fanka tun da an riga an zo.

Kuɗin mota zuwa Damagaram da dawowa da ladan mai gyara, idan aka tara na tafiya biyu ko uku, sun kama hanyar kuɗin onduleur, akwatin batirin da ake sakawa tsakanin bango da kwamfuta. Ba ya riƙe wuta na awoyi, mintoci kaɗan yake bayarwa, daidai abin da ake bukata a adana takarda a kashe kwamfuta ta hanyar da ta dace. Batirinsa ma yana gajiya da wuri a ƙasa mai zafi, don haka a riƙa gwada shi lokaci-lokaci: a rufe duk takardu, a zare wayarsa daga bango, a ga ko kwamfutar za ta ci gaba da aiki. Kada a jona masa babbar na'urar buga takardu ta laser, tana jan wutar da ta fi ƙarfinsa.